Aikin wasu masu haɗa faiba a Aziziyya: lambar da ke takarda da lambar da mita ta nuna

'Yan uwa masu kula da gidajen saukar baƙi a Makka, musamman na Aziziyya da Misfala, sun sha tambayata game da ƙaramin kamfanin da ya shimfiɗa wayar faiba, wato zaren gilashi mai kai intanet ta hanyar haske, a masaukin da nake riƙe da lissafinsa, ko aikinsu ya kai kuɗin da suka karɓa. A ganina ya kai, kuma abin da ya sa ya kai shi ne yadda suka yi awon haske a ranar miƙa aiki, domin jan waya da kafa akwati kusan kowa ya iya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, tunda akwai wuraren da zan taɓa su.

Ginin namu hawa shida ne, kowane hawa da ɗaki takwas, sai ofishin karɓar baƙi a ƙasa. Galibin masu sauka alhazai ne da masu Umara daga Najeriya da Nijar, mutanen da da zarar sun ajiye jaka abin da suke fara nema shi ne hanyar kiran gida ta WhatsApp da buɗe manhajar Nusuk. Mai gidan ya zaɓi tsarin da ake kira GPON, wanda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara a ƙarƙashin lamba G.984. A wannan tsari akwai babbar na'ura guda, OLT, a ɗakin inji, tana harba haske cikin zaren gilashi ɗaya, sai a raba hasken da wata ƙaramar aba mai suna sifilita wadda ba ta cin wutar lantarki ko kaɗan, har ya isa ƙaramin akwatin da ke kowane ɗaki, wato ONT. Hasken da ke zuwa ɗaki yana tafiya a kan zango, wato kamar launin haske, na nanomita 1490, wanda ke komawa kuma a kan 1310, duk a cikin zare guda. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa ake hana leƙa bakin waya don a duba ko tana da rai.

Ƙarfin wannan haske ana auna shi da dBm, kuma dole in ɗan tsaya a nan, domin duk hukuncin da zan yanke ya rataya ne a kan waɗannan lambobi. Sifilin dBm daidai yake da miliwat ɗaya. Duk lokacin da lamba ta sauka da 3, rabin hasken ya tafi. Idan ta sauka da 10, kashi ɗaya cikin goma kawai ya rage. Saboda haka -17 ya fi -20 ƙarfi sau biyu, ya kuma fi -27 sau goma, ko da yake a ido tazarar ba ta da yawa. Asarar da haske ke yi a hanya kuwa da dB ake faɗarta, ba tare da harafin ƙarshe ba, kuma amfanin wannan salon lissafi shi ne ana tarawa da ɗebewa ne kawai.

Abu na farko da ya bambanta waɗannan mutane da sauran da suka kawo mana farashi shi ne tun kafin su huda bango shugabansu ya kawo takardar lissafi. Injiniya ne Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kowa a wurin aiki Muhandis yake ce masa. A takardar ya rubuta abin da ya kamata mita ta nuna a kowace gaɓa. Ya auna bakin OLT ya samu +3 dBm, wanda yake cikin iyakar ajin B+, wato matakin ƙarfin na'urorin da aka saya mana, tsakanin +1.5 da +5. Daga nan ya ɗebe 7.3 na sifilita mai raba haske huɗu a ɗakin inji (ba guda ɗaya ba ce, tunda hawa shida ne da ofis), da 10.5 na mai raba takwas a kowane hawa, da 1.5 na konekta biyar, wato kawunan waya da ake cusawa a rami, da 0.4 na wuraren walda huɗu, inda ake narka bakin zare biyu su haɗe, da 0.1 na tsawon zaren kansa, domin a cikin gini tafiyar ba ta kai a ce ta ci wani abu ba. Zaren irin wannan a kilomita guda ma asararsa ba ta wuce kusan sulusin dB. Jimillar asara 19.8, abin da ya rage -16.8 dBm. Wannan ita ce lambar ma'auni ta kowane ɗaki, kuma ya rubuta a cikin yarjejeniya cewa duk ɗakin da ya yi ƙasa da ita da fiye da 1.5 ba a karɓe shi ba, sai an gano dalili.

Wannan sharaɗi ya fi wanda aka saba tsanani nesa ba kusa ba. Akwatin ONT na ajin B+ an ƙera shi ya yi aiki muddin hasken da ke shigarsa yana tsakanin -8 da -27 dBm, fage mai faɗin dB 19. Yawancin masu haɗa waya, a nan da ma ko'ina, idan fitilar akwati ta yi kore ta tsaya, ko mita ta nuna wani abu a cikin wannan fage, sai su naɗe kayansu su nemi sa hannu. Ni da aikina lissafi ne ban ga hikimar haka ba, domin mai riƙe da kuɗin shago ba ya cewa ai akwai sauran kuɗi a aljihun tebur, abin da yake dubawa shi ne ko abin da ke aljihun ya yi daidai da abin da littafi ya ce. Fagen -8 zuwa -27 yana faɗin ko na'ura za ta iya aiki a yau. Tazarar da ke tsakanin lambar ma'auni da lambar da aka auna ita ce ke faɗin ko an yi aikin da kyau, domin duk dB ɗin da ya ɓace ba tare da an san inda ya shiga ba, akwai lahanin da ya ci shi, kuma lahani a zaren gilashi bai cika tsayawa inda yake ba.

A ranar awo sun bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, yaro ɗaya yana riƙe da mita, ɗaya yana rubutu. Hawa na farko zuwa na uku lambobin sun faɗo tsakanin -16.2 da -17.6, wasu ma sun ɗan fi lissafi kyau, abin da Muhandis ya ce ba abin mamaki ba ne, tunda ya yi lissafin da adadin da ya ɗan zarce asarar da kayan suka saba yi. A hawa na huɗu kuwa dukkan ɗakuna takwas sun nuna tsakanin -22 da -22.6. Fitilu duk kore ne, intanet yana gudu, har mai gadin gidan ya riga ya kira iyalinsa ta bidiyo daga ɗaya daga cikin ɗakunan don ya nuna mana komai lafiya. Mai gidan, wanda hankalinsa ke kan baƙin da ke tafe, ya ce, “Muhandis, abu yana aiki, mu bar shi haka mana.” Muhandis ya amsa da ladabi, “Alhaji, yana aiki, amma fiye da kashi biyu cikin uku na hasken da ya kamata ya iso nan ya zube a hanya, kuma ban san inda ya zube ba. Idan na tafi ban sani ba, da azumi za ka kira ni.”

Yadda ya bi sawun matsalar shi ne abin da ya fi burge ni a dukkan aikin. Ganin ɗakuna takwas sun faɗi tare, kuma da kusan adadi ɗaya, bai ɓata lokaci a cikin ɗakunan ba. Ya ce laifin yana gaban sifilitar hawan, a sashen da duk suka yi tarayya a kai. Ya buɗe akwatin baranda, ya zare zaren da ke shigowa daga ƙasa, ya sa mita. Takardarsa ta ce -5.5, mita ta ce -11. Ya sauka ɗakin inji ya auna ƙafar sifilita mai raba huɗu da ke ciyar da wannan hawa, ya same ta daidai da 'yan uwanta uku, wanda ya nuna asarar tana cikin wayar da ta hau bene. Nan ya cire wannan zare daga layi ya ɗora masa na'urar OTDR, wadda ke harba ɗan haske ta auna abin da ya dawo, ta zana taswirar zaren mita bayan mita. Ya gwada a kan zango biyu. A wuri guda, tsakanin hawa na uku da na huɗu, asarar ta kai kusan dB 2 a kan 1310, amma a kan 1550 ta kusa 7. Ya nuna mini allon ya ce da walda ce ta lalace ko konekta, da lambobin biyu sun yi kusa da juna, amma idan dogon zango ya fi gajere shan wahala haka, lanƙwasa ce, domin haske mai dogon zango ya fi saurin tserewa daga zare a inda aka tanƙwara shi.

Da aka ɗaga murfin ramin wayoyi a wannan wuri, sai ga shi masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda suka yi aiki bayan an ja faiba, sun tattara duk abin da suka tarar sun ɗaure da igiyar roba a jikin bututu, suka matse wayarmu a kan kusurwar ƙarfe har ta yi gwiwa. Zaren da aka hau bene da shi nau'in G.652.D ne, wanda ba a so a naɗe shi da'irar da tazarar tsakiyarta zuwa gefe ta gaza milimita 30. Muhandis bai yarda a miƙe shi kawai ba, ya yanke wurin ya yi sabuwar walda, domin gilashin da ya daɗe a matse yana iya tsagewa daga baya. Aka sake awo, ɗakunan suka dawo tsakanin -16.5 da -17.3. A nan ina da ƙorafi ɗaya a kansu: a cikin ɗakuna sun yi amfani da zaren G.657.A2, mai jure lanƙwasa har zuwa milimita 7.5, kuma da sun yi haka a ramin wayoyi, inda masu famfo da masu lantarki ke sa hannu kullum, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Bambancin kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne a gini irin namu.

Wani ɗaki a hawa na biyar shi kaɗai ya nuna -20.4 alhali maƙwabtansa suna -17. Tunda shi kaɗai ne, laifin na bayan sifilita ne. Yaron ya zare konektar bango ya sa ta a wani ɗan madubin ƙara girma da ke haɗe da wayar hannu, sai fuskar gilashin ta cika allo: babbar da'ira mai faɗin maikiron 125 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), a tsakiyarta ɗan ɗigo na kusan maikiron 9, wanda shi ne kaɗai hanyar hasken. A gefen ɗigon akwai ƙwayar ƙurar siminti da shafin maiƙon yatsa. Ya danna mata alƙalamin goge konekta, ya sake dubawa, ya mayar, mita ta ce -17.1. A garin da gine-gine ba sa ƙarewa kuma ƙura ke shiga ko ta ina, na lura ba sa sa konekta a rami sai sun duba fuskarta, ko da sabuwa ce daga leda, kuma duk bakin da ba a amfani da shi suna mayar masa da hularsa.

Ofishin karɓar baƙi ya zo da matsala ta ɗaya ɓangaren. An ja masa layi kai tsaye daga sifilita mai raba huɗu ba tare da ta biyu ba, don haka hasken ya isa da ƙarfin -5.6, ya haura iyakar -8. Mutum zai zaci yawan haske alheri ne, amma idon na'urar yana dushewa idan ya yi yawa, saƙo ya riƙa zuwa da kurakurai, layi ya riƙa yankewa yana dawowa, kuma hasken da akwatin ke mayarwa shi ma yana iya isa OLT da ƙarfin da ya wuce kima. Ajin B+ yana bukatar asarar hanya ta kasance tsakanin dB 13 da 28, wato akwai mafi ƙarancin asara kamar yadda akwai mafi yawa. Wannan Muhandis ya hango shi tun a takarda, ya zo da ɗan abin rage ƙarfi na dB 10 a aljihu, ya sa shi, lamba ta koma -15.7.

Game da kayan awonsu, mitar da suka kafa hujja da ita tana da takardar daidaitawa wadda wa'adinta bai ƙare ba, kuma na ga suna saita ta a kan 1490 kafin kowane zagaye, domin mitar da aka bari a kan wani zango daban tana ba da lamba karkatacciya. Na tambayi dalilin da ya sa ba su dogara da lambar da akwatin ONT ke nunawa da kansa a shafin saitinsa ba, tunda ta fi sauƙin samu. Muhandis ya ce irin wannan awo na cikin na'ura ƙa'ida ta yarda ya kauce har dB 3 sama ko ƙasa, alhali mitar hannu mai kyau kuskurenta bai kai rabin dB ba. Lambar akwati tana da amfani wajen ganin ko abu yana sauyawa a tsawon watanni, amma ba a karɓar aiki da ita. Saboda haka a rahotonsu suka rubuta duka biyun gefe da gefe, don duk wanda ya buɗe shafin akwati nan gaba ya san gwargwadon karkatar kowane ɗaya. Ya kuma ambata, yana tuna aikinsa na baya a manyan layukan da ke haɗa birane, cewa a can ma kuskuren da ya fi yawa shi ne kwatanta lambar da aka auna da ma'aunin da ba nata ba, domin idan zare ɗaya na ɗauke da zango 40 masu ƙarfi ɗaya, jimillar hasken tana fin na zango guda da dB 16, kuma wanda ya manta adadin zangon da ke kunne zai yi ta gyaran abin da bai lalace ba.

Inda suka gaza ba ƙanana ba ne duka. Rahoton farko da suka miƙa ya ƙunshi hasken da ke zuwa ɗakuna ne kawai, babu na komawa a kan 1310, alhali kiran bidiyo da alhazai suka fi yi ya dogara da shi, kuma OLT na ajinmu ba ya jin abin da ya gaza -28. Awon wannan ɓangare yana bukatar mitar da ake sawa a tsakiyar layi, domin akwatin ONT ba ya magana sai yana jin OLT, kuma a guntu-guntu yake aikawa idan an ba shi zarafi. Suna da mitar, ba su fito da ita ba sai da aka nema, abin da bai dace da mutanen da suka nuna tsantseni a sauran wurare ba. A shafuka biyu na rahoton yaron da ke rubutu ya sa dB inda ake nufin dBm, kuskuren da zai rikita wanda ya gaji takardar. A hawa na shida kuma an samu gajeriyar waya mai shuɗin kai an cusa ta a rami mai kore. Koren kai fuskarsa a goce take da digiri 8, shuɗi kuwa ba a goce ba, don haka idan an haɗa su gilashin ba ya haɗuwa sosai, haske ya ragu, fuskokin biyu ma suna iya ƙujewa. Awonsu ne ya kama kuskuren, amma hannunsu ne ya yi shi, kuma sai da aka sauya konektar bangon gaba ɗaya.

Lambobin da suka liƙa a jikin wayoyi da alƙalami aka rubuta su a kan farin salatif. A ramin wayoyi na gini a Makka, inda zafin bazara ke haura digiri 45, irin wannan salatif ba ya daɗewa yake saki, kuma wasu sun riga sun fara ɗagowa. Kamfanin da ya mallaki OTDR bai kamata ya rasa ɗan injin buga lamba ba. Sun kuma saɓa lokacin da suka yi alkawarin farawa, wanda a harkarmu ba ƙaramin abu ba ne, domin daga Sha'aban zuwa ƙarshen Zulhajji ɗaki ba ya zama babu kowa, kuma idan lokacin Hajji ya matso ana taƙaita shiga Makka sai mai izini, ta yadda ma'aikacin da ke zaune a Jidda ba lallai ya iya zuwa ranar da ka neme shi ba. Wannan ma shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin taurin kan Muhandis a hawa na huɗu ya biya kuɗinsa. Hasken leza yana raguwa da tsufa, ƙura tana taruwa, kowane gyara yana ƙara walda, shi ya sa masu tsara layi suka saba barin rarar kusan dB 3. Ɗakin da ya fara daga -17 yana da rarar 10 kafin ya kai iyaka, wanda ya fara daga -22.5 da lanƙwasa mai ƙara matsewa kuwa babu mai iya cewa ga ranar da zai faɗi.

Farashinsu ya ɗara na masu bi musu da kusan sulusi, kuma ba su rage ba duk da cinikin da mai gidan ya yi. Ga mai gida ɗaya ko shago da akwati guda, ban ga dalilin ɗauko su ba, domin layin da ya shigo daga titi hakkin kamfanin sadarwa ne, kuma tun 2020 da aka yi yarjejeniyar buɗe layukan faiba tsakanin kamfanonin ƙasar nan, irin su stc da Mobily da Zain da Dawiyat, mai ba ka intanet ba lallai ne shi ya mallaki zaren da ya shigo gidanka ba. Abin da mai gida zai iya yi shi ne ya nemi ma'aikacin da ya zo ya auna da mitar hannu a gabansa, ya rubuta masa lambar da ranar a jikin takardar aiki, don ya samu abin kwatantawa idan layi ya fara ciwo. Ga masauki ko makaranta ko asibiti mai ɗakuna da yawa da OLT na kansa kuwa, zan ce a ɗauke su, amma a rubuta a yarjejeniya cewa rahoton miƙa aiki zai ƙunshi lambar ma'auni da lambar da aka auna a kowace gaɓa, zuwa da komawa, da hoton taswirar OTDR na kowace wayar da ta hau bene, da lambobi bugaggu, kuma a riƙe kason ƙarshe na kuɗin har sai an miƙa shi. Mu mun riƙe kashi goma cikin ɗari, kuma sauran bayanan 1310 sun iso kafin a saki kuɗin.